KAZAR ƊORI

Shafi na 9

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku gafarce ni da jiya, rezon waya ya ƙi, ni kuma da na sake karanta shafin sai tsoro ya kama ni na goge rabinsa. Masu tambaya ko da gaske ana yin abin kazar nan, ni dai a bakin kakata na ji, ban san ko ko'ina ake yi ba. Wannan ne rubutuna na farko, in kun ga kuskure don Allah ku faɗa mini a hankali.

*

Wari ne ya koro Kulu daga ɗakin.

Ta fito tsakar gida riƙe da ƙwaryar kunun da mijinta Tahiru ya kasa sha, ta jingina da bango tana jan numfashi ta baki. Tun ranar da raƙumin Buzaye ya zame da kayan gishiri ya danne masa ƙafar hagu a bakin masaukinsa na fatake, har ƙashin ƙwauri ya keta nama ya fito fari fat, ba ta ƙara sanin ɗanɗanon abinci ba.

Baba Illa maɗori ne ya yi aikin. Ya wanke ciwon da ruwan zafi, ya mayar da ƙashin, ya zuba zuma da garin bagaruwa, ya jera karan dawa ya naɗe da sawaye tam. Sannan ya yi abin da gidansu suka gada: ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta yadda ya ɗaure ta mutum.

"Ita ce idona," ya ce a ranar. "Muddin tana ci tana sha, ba mai taɓa ɗorin nan. In ta kwanta ko ta mutu, ku kira ni maza in kwance in duba."

Kazar kuwa tana ci. Kullum da safe Baba Illa zai leƙa sashen Inna Kande, uwar Tahiru, ya gan ta tana tsattsagar gero, ya ce alhamdu lillahi, ya juya. Kulu ta yi masa maganar wari, ya ce zuma ce ta haɗu da jini. Ta yi masa maganar zazzaɓi, ya ce ƙashi ne ke kamawa.

Yanzu ma ga ta can gindin turmi, wake-wake da ita, tana tonon ƙasa abinta.

Kulu ta tsura mata ido, ba don komai ba sai don ba ta da wani abin kallo.

Sai idonta ya sauka a kan ƙafafun kazar.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta sake dubawa. Kazar ta tsaya a kan ƙafar hagu, ta ɗage ta dama, wadda aka naɗe da tsumma.

Dama?

Ba ta san sanda ta tsallake tsakar gidan ba. Ta danne kazar da hannu biyu, kaza na kururuwa tana fuffuka, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta warware tsumman. Ta bi ƙashin da yatsa tun daga sama har ƙasa.

Sumul. Ko tsagewa babu.

"Ke Kulu! Lafiyarki kuwa? Sake ta!"

Inna Kande ce a bakin madafa, muciya a hannu.

Tunda aka kawo Kulu gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukarta ba. Yau ta kalle ta.

"Inna, wace ƙafa aka karya wa kazar nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Mayar mata da ɗaurinta kafin mai aikin ya ji."

"Ni na riƙe ta a ranar, Inna. Na ji ƙarar ƙashin a tafin hannuna. Hagu ce, irin tasa."

Inna ta kau da kai.

"Wannan ba ta taɓa karyewa ba. Ina waccan?"

"Rage murya, 'yar nan."

"Ina take, Inna?"

Muciyar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Inna ta dafa bango, ta sulale ta zauna a kan dandaryar ƙasa tana hawaye, tsohuwar da ko a makoki ba a taɓa ganin hawayenta ba.

"Tana bayan rumbu," ta ce. "Na rufe ta da ƙasa."

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Tun kafin Juma'ar da ta wuce. Na tashi na same ta ta sandare, ƙafar ta yi baƙi. Na ce in wancan ya ji, zuciyarsa za ta karye, ya bi ta. Sai na nemo mai kama da ita a maƙwabta. Ina fuskantarta na ɗaura, ashe hagunta ba hagun da nake gani ba ne."

Wancan. Haka take ce masa. Tahiru ɗanta ne na fari, kunyar ɗan fari kuwa Inna ta riƙe ta fiye da kowace mace a unguwar Zango. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba tun da aka yaye shi aka kai wa kakarsa. Ko da aka shigo da shi cikin jini, a bayan zana ta tsaya. Abu ɗaya ta roƙa: a bar kazar a sashenta.

"Inna, kin san abin da kika yi? Baba Illa kazar yake dubawa, ba ƙafar ba!"

"Ke kina shiga," Inna ta ce. "Kina shafa masa goshi, kina ba shi ruwa a baki. Ni fa? Kaza aka bar mini, Kulu. Ita nake ba gero, ita nake yi wa addu'a. Da ta mutu a hannuna sai na ji kamar..."



Kulu ta so ta yi kuka, ta so ta yi ihu, amma ba lokacin ko ɗaya. Ta saki kazar, ta figi mayafi a kan igiya, ta fita da gudu.

*

Baba Illa bai yi faɗa ba. Da Kulu ta gama faɗa masa sai ya cire hula ya goge kansa, ya ce, "La haula. An rufe mini ido." Ya biyo ta yana tafe yana tuntuɓe.

Suka tarar da Tahiru kwance a kan tabarma, gumi ya jiƙa shi sharkaf, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Baba... ya kazata?"

"Bari mu ga ƙafar tukuna, ɗana."

Ya durƙusa ya fara warware sawayen. Na sama fari, na tsakiya rawaya, na ƙasa ya manne da nama sai da aka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Da karan dawa suka zube, warin da ya taso sai da ya sa ƙudajen ɗakin suka yo kansu gaba ɗaya.

Kulu ta toshe baki da mayafi, amma ba ta kau da kai ba.

Ƙwaurin ya kumbura ya yi biyun na lafiya. Inda ƙashin ya fito ya zama rami, mugunya na tsattsafowa, naman gefe ya yi baƙi ya saki kamar tsumman da ya daɗe a ruwa. Ƙashin da aka mayar ya sake leƙowa, ya dushe, ba farin nan na da. Yatsun kuwa sun yi shuɗi-shuɗi sun yi sanyi.

Baba Illa ya zaro ƙayar aduwa daga jakarsa, ya soka a babban yatsa.

"Ka ji?"

"Me?"

Ya soka a tafin ƙafa, ya nutsa ta sosai.

"Yanzu fa?"

"Baba, ba ka taɓa ni ba ai."

Tsohon ya ajiye ƙayar. 

"Kulu, ni ƙashi nake haɗawa. Naman da ya mutu ba ni da abin da zan yi masa. Ki aika a kira kawunki."

Kawu Modu wanzami ƙanen mahaifiyar Kulu ne, ya bi rundunar Sarki yaƙe-yaƙe yana cire kibau, yana ɗinke saran takobi. Rana na tsaka ya iso da zabirarsa a kafaɗa.

"Wushe, sannunku mutanen gida." Ya hangi Baba Illa ya taɓe baki. "A'a, sarkin kaji, kai ma kana nan? Yau wace ce ta yi maka ƙarya, zakara ko kaza?"

"Duba ƙafar, Modu. In ka gama ka zage ni, na ci zagin."

Jin haka dariyar ta ɗauke daga fuskar Kawu. Ya tsuguna, ya shinshina, ya danna naman da babban yatsa yana hawa sama a hankali. Ƙasa duk inda ya danna sai wurin ya loɓa ya ƙi dawowa. Da ya kusa gwiwa Tahiru ya zabura ya yi ƙara.

"Madalla," Kawu ya ce. "Nan akwai rai." Ya ɗora tafin hannunsa a ƙarƙashin gwiwar. "Daga nan zuwa sama naka ne. Daga nan zuwa ƙasa ba naka ba ne, na kabari ne, kuma yana jan sauran. Ka ga jan layin nan da ya miƙe? In ya haye gwiwa ya kama cinya, ba ni da wurin da zan tare shi."

"Me za a yi, Kawu?" Kulu ta tambaya, alhali ta san amsar.

"A cire. Yau, da sauran hasken rana. In ɗaure cinya da igiyar fata, in yanka a inda nama ke da jini, in bar fatar da za ta rufe bakin, in ƙona jijiyoyin da ƙarfe. Na yi wa mutane a filin daga, wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"In aka bari fa?"

"In aka bari ba wasu. Hanya ɗaya ce."

"A'a."

Duk suka juya. Tahiru ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago, idanunsa jajur.

"Ba mai yanke mini ƙafa."

"Maigida, don girman Allah..."

"Kulu, kina garin nan aka yanke wa ɗan fashin hanyar Kano hannu da ƙafa a tsakiyar kasuwa. Kin ga yadda yara ke binsa da jifa? Wa ake yanke wa ƙafa a Damagaram in ba ɓarawo ba?"

"Kowa ya san raƙumi ne ya danne ka!"

"Mutanen Zango sun sani. Buzun da zai zo daga Agadas baɗi fa? Balaraben da zai sauke kayansa ya ce Tahiru riƙe mini sai na dawo? Amana nake ci da ita, Kulu, ba ni da gona, ba ni da sana'ar hannu. Baƙo ya shigo zaure ya ga mai masauki da dungu, wallahi ko igiyar raƙumi ba zai bar mini ba."

Kawu Modu ya ce, "Kai suruki, ɓarawo hannu da ƙafa ake cire masa. Kai ga hannayenka biyu, sai ka riƙa ɗaga musu tun daga nesa kamar mai kiran kasuwa."

"Mutane ba sa ƙirga gaɓoɓi, Kawu. Dungu suke gani." Numfashinsa ya sarƙe, ya koma ya kwanta. "'Yarmu Jummai tana tasowa. Ba za a ce mata 'yar mai dungu ba. Gara a ce marainiya."

Kulu ta zube a gefensa ta kama hannunsa, zafinsa kamar garwashi.

"Ni zan bi Zango gida gida in faɗa. Zan tsaya a bakin zaure duk baƙon da ya zo in rantse masa. Ka bar mini kanka, ko rabi ne ina so!"

Ya juya fuska bango.

"Kawu," ta ce, ta rarrafa ta riƙe ƙafar kawunta, "ga maƙwabta can a zaure, a kira su su danne shi. Zazzaɓi ne ke magana, ba shi ba. In ya warke ya sake ni, na yarda, in dai yana numfashi."

Kawu ya girgiza kai.

"A'a, 'yata. Ba na sa wa mutum wuƙa sai ya ce to da bakinsa. Wanda ake dannewa a yanka ba da yardarsa ba, a kasuwa ake yi masa, ni kuwa ba dogarin Sarki ba ne. In na yi masa haka, abin da yake tsoro na mayar da shi." Ya dubi ƙofa, inda inuwar bango ta fara miƙewa. "Amma ki sa a hura wuta, a ɗora man shanu. In ya sauya magana kada mu tsaya jira. Hasken nan ba zai jira mu ba."

Aka hura wuta a tsakar gida. Kawu ya tura ƙarfensa cikin garwashi, ya zauna yana wasa wuƙa a kan dutse. Baba Illa ya yi magana, limamin unguwa ya zo ya yi magana, Tahiru bai ko juyo ba. Aka kira la'asar. Kulu ta leƙa ƙafar, jan layin ya matsa sama.

Ta fito, ba ta ganin gabanta sosai. Inna Kande na nan inda ta bar ta, a ƙasa, kazar ƙaryar na kiwo kusa da ita.

Kulu ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ya ƙi. Ya ce gara ya mutu."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na yi iyakar yina. Bai ji tawa ba, bai ji ta liman ba. Saura ke."

"Ni? Ni da ban taɓa... Kulu, me mutane za su ce? Ga maza cike da gida."

"Su ce abin da za su ce! Shi yana can zai mutu don abin da mutane za su ce, ke kina nan kin zauna don abin da mutane za su ce. Inna, in an fito da shi a makara, a bayan zanan za ki tsaya ki leƙa?"

Ta ji nauyin maganar bayan ta fita, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Inna ta dube ta. Ta dubi kazar. Sai ta dafa turmi ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta nufi ɗakin.

Maza suka dare, kowa ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa ta tsaya, ƙafarta ɗaya a ciki ɗaya a waje. Warin ya buge ta, ta ga ƙafar a karon farko, ta dafe ƙirji.

Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Ya sake motsawa.

"Tahiru."

Ɗakin ya yi tsit. Ko wuƙar Kawu ta daina ƙara a kan dutse.

A hankali ya juyo daga bango, yana ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci.

"Wa ya kira ni?"

Ta shigo. Ta zauna a kan tabarmar, ta ɗago kansa da hannu biyu ta ɗora a cinyarta.

"Ni ce. Kazarka ta mutu tuntuni, ni na ɓoye, ni na kai ka ga wannan. In ka tafi, ni na kashe ka. Ka tashi da dungu ka zage ni, na fi so."

Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

"Inna... ashe haka yake a bakinki. Sake faɗa."

"Tahiru."

Ya lumshe ido. 

"Kawu," ya ce. "To."

Nan da nan gida ya hargitse. Aka ɗauko shi da tabarmar zuwa hasken tsakar gida, Inna na biye ba ta saki kansa ba. Maƙwabta suka danne kafaɗu da ƙugu, Baba Illa ya riƙe matacciyar ƙafar da kansa. Kawu ya zarga igiyar fata a cinya, ya sa sanda ya murɗa har jijiyoyi suka tsaya. Ya tura wa Tahiru guntun fata tsakanin haƙora.

"Kulu, ki tsaya wurin wuta. In na ce ƙarfe, ki miƙo ta wajen mariƙin, kada ki kalle ni, kada ki kalle shi."

"To, Kawu."

"Bismillahi."

Ba ta kalla ba. Amma ta ji. Ta ji ƙarar da ta fito ta bayan fatar nan, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba. Ta ji mazan na nishi suna danna shi. Ta ji zarto a kan ƙashi. A ƙarƙashin duk wannan tana jin muryar Inna ƙasa-ƙasa, tana ta maimaita sunan nan kamar mai biyan abin da ta tara shekara da shekaru.

"Ƙarfe!"

Ta miƙa. Ƙauri ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe.

Sai ƙarar ta ɗauke ɗif.

Kulu ta waiwaya. Guntun fatar ya faɗo daga bakinsa, kansa ya langaɓe a cinyar uwarsa. Kawu Modu ya jefar da ƙarfen, ya kifa kunnensa a kan ƙirjin Tahiru, ya ɗaga hannu ɗaya alamar kowa ya yi shiru.

Inna ta girgiza kafaɗarsa.

"Tahiru?"

Ta ƙara girgiza shi, wannan karon da ƙarfi, muryarta ta fasa gidan har zaure.

"Tahiru!"

Bai amsa ba.